Allurar Baƙon Dauro Ba Ta Hana Yaro Magana

Manoman Tasawa da Mayahi, kun san bazara lokacin baƙon dauro ce. In kun ji ana cewa allurar rigakafinsa tana hana yaro magana da sakewa da mutane, ga tushen zancen.

A 1998 wani likita a Ingila, Andrew Wakefield, ya duba yara 12 kacal ya faɗi haka. Da aka bincika, ashe ya murɗe gaskiya. A 2010 aka hana shi aikin likita. A Danmak an bi yara fiye da 650,000, ba a ga allurar tana kawo wannan lalura ba.

Baƙon dauro kuwa yana makantarwa, yana kisa. Maigida, in ɗanka ya cika wata 9, ka bar uwarsa ta kai shi gidan likita, ko da ranar kasuwa ce.