Dokar Hana Gyara da Wankin Mota a Bakin Titi: Gaskiya Ce Ko Jita-jita?

Ran wata Lahadi, saura 'yan mintoci a shiga sujada, ina zaune ina jera takardun sanarwa, sai ga wani dattijo daga cikin membobinmu ya shigo da waya a hannu, ko gaisuwa bai ƙarasa ba. Bakanike ne, ya fi shekara ashirin yana gyaran mota a gindin wata darbejiya a bakin hanya a nan Tudun Wada. Ya ce, "Malam, don Allah a karanta wa jama'a wannan, kada a kama 'ya'yanmu ba su sani ba." Na karɓa na duba. Saƙo ne na WhatsApp, wai gwamnatin jiha ta kafa sabuwar doka, duk wanda aka samu yana gyaran mota ko yana wanke ta a bakin titi za a ci shi tara mai tsanani ko a ɗaure shi, motar kuma a sa janwe ta ja ta. A ƙasa an rubuta a tura wa mutum goma.

Na ce, "Baba, a yi mini haƙuri zuwa Lahadi mai zuwa." Bai ji daɗi ba, na gani a fuskarsa. Amma abin da aka faɗa daga mumbari jama'a suna ɗaukarsa tamkar an buga masa hatimi, kuma Littafin Fitowa sura 23 ya ja mana kunne game da baza labarin da ba gaskiya ba. Idan na karanta ya zama ƙarya, na tsorata masu neman abinci a banza. Idan kuwa na yi shiru ya zama gaskiya, na bar su a hannun hukuma.

Maganar ba ƙarama ba ce. Dattijon nan yana da yara masu koyon aiki a ƙarƙashinsa, har da marayu. Akwai kuma samarin ikkilisiya da ke wankin mota da Keke Napep da babura, daga nan suke haɗa kuɗin makaranta. Kafin ran Laraba labari ya iso mini cewa waɗansu mutum biyu sun tsaya kan ɗaya daga cikin samarin nan, suka ce ai ya ji sabuwar doka, suka ƙwace bokitinsa, sai da ya ba su cinikinsa na ranar kafin suka sakar masa. Ba rasit, ba takarda, bai ma san daga wane ofishi suke ba, in ma daga wani ofishin suke. Wato jita-jitar ta riga ta fara cin kuɗin mutane tun kafin a tabbatar da ita.

Bari mu fara da takardar kanta. Sanin kowa ne doka ba ta faɗowa daga sama. A tsarin mulkin ƙasarmu na 1999, sashe na 100, dokar jiha sai ta bi ta Majalisar Dokoki, wato ta Gidan Lugga da ke Kaduna a wajenmu, sa'an nan a kai wa gwamna ya sa hannu cikin kwana 30. Idan ya ƙi, majalisa tana iya zartar da ita da kashi biyu cikin uku na 'ya'yanta. Doka tana da suna, tana da shekara, tana da sassa masu lamba, akan kuma buga ta a gazet ta gwamnati. Saƙon da Baba ya kawo ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan. Bai ma faɗi sunan jihar ba, "gwamnatin jiha" kawai ya ce. Wannan kuwa babban abu ne, domin dokar jiha iyakarta iyakar jiharta. Legas, alal misali, tana da dokar sufuri ta 2018 da dokar muhalli ta 2017, kuma ta shahara da tsananta wa masu tare hanya. Kano tana da KAROTA. Abuja ta daɗe tana tattara makanikai zuwa wurare irin su Apo. Amma abin da aka zartar a Ikeja ba ya kama mutumin Gyallesu ko na Agoro. Saƙo yakan taso daga wata jiha, a hanya sunan jihar ya faɗi, ya iso mana tsirara.

Akwai wani sashe na tsarin mulki da ya kamata kowane mai sana'a ya riƙe, shi ne sashe na 36, ƙaramin sashe na 12. Ma'anarsa ita ce, ba a hukunta mutum da wani laifi sai in laifin da hukuncinsa suna rubuce a cikin doka. Kotu ta gwada wannan a zahiri. A 2013 aka kama wata mata a Legas don ta fito da safe ranar tsabtar gari ta ƙarshen wata, aka ci ta tarar Naira 2,000. Ta ƙi yarda, ta bi shari'a har Kotun Ɗaukaka Ƙara, a 2016 kotun ta ce umarnin gwamna na hana fita ba doka ba ne tun da ba a rubuta shi a cikin wata doka ba, aka soke hukuncin. To, idan maganar gwamna da kansa ba ta zama doka ba sai ta bi hanya, ina ga saƙon waya wanda ba a san uwarsa ba balle ubansa?

Sai dai kada mai karatu ya yi saurin murna. Jita-jitar nan ba a kan iska ta tsaya ba, shi ya sa ma ta karɓu. Hana tare hanya da ɓata ta tsohuwar doka ce, ta girmi yawancinmu. Dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta sa tare hanyar jama'a da cutar da su da ƙazanta cikin laifuffuka, Jihar Kaduna kuma ta sabunta nata Final Kod ɗin a 2017. Manyan hanyoyin tarayya, irin wadda ta taso daga Kaduna ta bi ta Zariya zuwa Kano, suna ƙarƙashin dokar tarayya ta 1971. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana da laifin tare hanya a jerin laifuffukan da take cin tara a kansu, haka nan da rashin ajiye alamar gargaɗi mai kusurwa uku idan mota ta lalace. Iyayenmu kuma suna ba mu labarin zamanin Yaƙi da Rashin Ɗa'a da aka ƙaddamar a 1984, yadda aka riƙa rushe rumfunan bakin titi ana kwashe gawawwakin motoci. Wanda ya ga wancan zamani, ko an ce masa "wai" zai razana, don haka ban ga laifin Baba ba.

A jiharmu kuwa aikin a rabe yake. Akwai jami'an da muke kira 'yan Kasteliya. An kafa hukumarsu da dokar 2014 da sunan KASTELEA, lokacin tana haɗe da harkar muhalli, sa'an nan dokar 2017 ta mai da ita KASTLEA, ta kula da dokokin hanya. Su ne masu magana idan an ajiye mota ta toshe titi. Akwai KEPA, hukumar kare muhalli, ita ce mai magana kan shara da ruwan ƙazanta da abin da ake zubawa a kwata. Akwai KASUPDA, mai tsara birane, ita ce mai izinin kafa gini ko rumfa, ita ce kuma mai cewa wuri kaza filin hanya ne, ba a zama a kai. Ƙaramar hukuma ma tana da hannu, domin tsarin mulki ya ba ta kula da tituna na cikin gari da magudanan ruwa da tashoshin mota da shaguna. A tuna kuma Tudun Wada tana cikin Ƙaramar Hukumar Zariya ne, da ka haye Kubanni ka shiga ta Sabon Gari. Haka nan a 2016 jihar ta yi dokar hana bara da talla a kan tituna, wadda mutane da dama suke cakuɗa ta da maganar makanikai, alhali batunta daban ne.

Idan aka dubi waɗannan duka, za a ga abin da suke nema ba sifana ba ce, ba kuma soso da omo ba. Abin da suke nema shi ne hanya ta zauna a buɗe, kwata ta zauna tana gudu. Wanda tayarsa ta yi faci a Ƙofar Doka, ya gangara gefe, ya ajiye alamar gargaɗi, ya kira mai faci, aka gama ya wuce, lalura ce ta same shi, ba irin wanda ya mai da gefen kwalta garejinsa na dindindin ba ne, motoci uku a kan jak, ɗaya ta shekara ba injin, kaji suna ƙwai a cikinta. Haka nan wanda ya wanke motarsa a cikin gidansa ba ɗaya yake da wanda ya kafa injin feshi ruwan yana malala bisa titi daga safe har magariba ba.

A nan ne zan faɗi abin da ba zai yi wa waɗansunmu daɗi ba. Na je wurin Baba da kaina ran Alhamis. Ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin, ko ciyawa ba ta fitowa. Yaransa idan sun juye baƙin mai, abin da ba a saya ba sai su tuttule shi a lambatu. Baƙin mai ba ya narkewa a ruwa kamar gishiri, yana ɗauke da dattin ƙarfe da gubar da ya kwaso daga inji, ruwan sama ya zo ya wanke shi zuwa rafi. Kowa kuwa ya san masu lambu suna ban ruwa daga Kubanni da rani, latas da kabeji da alayyahon nan kuma su ne muke saye a kasuwa, matanmu su dafa, mu yi addu'a a kai mu ci. Man gas da baƙin mai suna narkar da kwalta, ruwan wanki da ke kwanciya kullum yana shiga ƙarƙashinta ya sassauta ta, sai rami ya buɗe, mu koma muna zagin ɗan kwangila. Ga kuma ɗan makaranta ko tsohuwa da ke tafiya a ƙafa, idan motocin gyara sun cinye gefen hanya dole su hau kwalta su yi kafaɗa da 'yan acaɓa. Ko da babu doka ko ɗaya, wanda ya ce yana ƙaunar maƙwabcinsa ba ya bukatar ɗan Kasteliya ya koya masa wannan.

Na san amsar da za a ba ni, Baba ma ya ba ni ita: "Malam, ina za mu je? Fili a garin nan ya fi ƙarfinmu, mai mota kuma inda ya gan ka nan yake tsayawa." Gaskiyarsa. Korar bakanike ba tare da an nuna masa wurin zama ba, mai da shi ɗan zaman kashe wando ne shi da yaransa. Wannan magana ce da ƙungiyarsu ta makanikai, NATA, ta fi kowa bakin yi da hukuma, shi ya sa na ba shi shawara ya daina ƙaurace wa taronsu. Ikkilisiyoyi masu fili a kwance ma su duba, ko za a iya ba samarin wanki wani lungu a haƙa musu ramin tsotse ruwa.

Saura maganar tara, wadda ita ce ta fi ci mini rai. Romawa 13 ta umarce mu da yin biyayya ga hukuma, ba mu da ja a kan wannan. Amma Manzo Bulus ɗin da ya rubuta ta, shi ne a Ayyukan Manzanni 22 ya tambayi jarumin soja ko doka ta yarda a yi masa bulala ba a yi masa shari'a ba, tambayar kuwa ta tsai da bulalar. Tambaya cikin ladabi ba tawaye ba ce. Idan wani ya ce ka karya doka, ka gaishe shi, ka nemi ganin katin shaidarsa, ka tambayi sunan dokar, ka ce a rubuta maka takardar laifi. Tun 2016 dokar haraji ta Jihar Kaduna ta hana karɓar kuɗin shiga na gwamnati hannu da hannu, a asusun gwamnati ake biya a karɓi rasit. Wanda ya ce a sasanta a nan, aljihunsa yake yi wa aiki. Kada ka yi kokawa da kowa, kada ka yi zagi, kada kuma ka ba da cin hanci ka ce an zalunce ka, domin ka zama abokin tarayya. Wanda aka cuta yana iya kai kuka Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, ba a biyan ko kwabo. 'Yan'uwanmu da ke sanye da kayan sarki kuma su sake karanta Luka sura 3, inda Yohanna Mai Baftisma ya gaya wa sojoji su bar ƙwace da ƙazafi, albashinsu ya ishe su.

Lahadin da ta biyo baya na yi sanarwar, amma ba saƙon wayar na karanta ba. Na gaya wa jama'a cewa takardar da ke yawo ba doka ba ce, kada kowa ya ƙara tura ta, kada kuma kowa ya ba wani kuɗi saboda ita. Na ƙara da cewa tare hanya da zuba mai a kwata laifi ne tun ba yau ba. Bayan an tashi, shugabar Zumuntar Mata ta tare ni a bakin ƙofa ta ce ita ce ta tura saƙon a zauren zumunta, ita ma wata ƙanwarta ce ta turo mata daga Legas. Na ce, "Mama, to sai a koma zauren a gyara." Ta ce tun ana waƙar rufewa ta goge.

Baba kuwa ya samo tsohuwar durom ya kafa a bayan bishiyar, yaran suna tara baƙin man a ciki, masu saye suna zuwa ɗauka. Motar nan da ta shekara ba inji, ya aika wa mai ita sau biyu. Har ranar da nake wannan rubutu bai zo ba.