Haɗa Takin Gargajiya da na Zamani a Gonar Auduga

Ƙasar Bauchi ta daɗe da yin suna wajen noman auduga. Amma gonar da ake nomawa kowace shekara ba hutu ƙarfinta yakan ragu, har amfani ya kasa biyan kuɗin taki.

Takin zamani, wato kamfa da sufa da yuriya, yana ciyar da shuka nan da nan, sai dai ba ya gyara jikin ƙasa. Takin gargajiya kuwa, kamar kashin shanu da na tumaki da juji, aikinsa a hankali yake, amma yana sa ƙasa ta riƙe laima, ya hana ruwan sama wanke takin zamani.

Akwai kuma waɗansu ƙwayoyin halitta cikin ƙasa waɗanda ido ba ya gani. Su ne ke ruɓar da taki ya zama abincin shuka. Waɗansu sukan manne wa saiwar auduga su jawo mata sinadarin fosfaras. Waɗansu kuma suna zaune cikin ƙululun saiwar gyaɗa da wake, suna tara naitirojin daga iska. Ƙona gona yana hana su abinci.

Saboda haka, manomi ya baza ruɓaɓɓen taki kafin huɗa, ya sa kamfa bayan tsiro, yuriya kuma kafin fure. Ya riƙa juya auduga da gyaɗa ko wake. Ya nemi irin Samcot na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, kuma ya tuntuɓi malamin gona don sanin ma'aunin da ya dace da gonarsa.