Amanar Mai Fassara Takardun Tafiya

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Bayan haka, ya ku 'yan'uwa mutanen ƙasar Maska da kewayenta, ga wata tunatarwa.

A zamanin da, alhazanmu kan bi ta Barno da Sudan a ƙasa, guzurinsu haƙuri. Yau kuwa ɗalibin da ke nufin Azhar ta Masar, ko Jami'ar Musulunci ta Madina wadda aka kafa a 1961, ba ya isa sai takardunsa sun riga shi. Takardar haihuwa da shaidar makaranta, idan da Turanci suke, akan nemi a juya su zuwa Larabci.

Hanyar kuwa hawa-hawa ce. Mai fassara ya fassara, ya sa hannu cewa bai rage ba bai ƙara ba. Lauyan da Babban Jojin Ƙasa ya ba ikon shaida ya buga hatimi. Takardar makaranta ta biya ta Ma'aikatar Ilmi, sa'an nan Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, daga nan sai ofishin jakadancin ƙasar da aka nufa.

To, ga inda ake tuntuɓe. Mutum guda, a gida Garba, a takardar makaranta Abubakar. Wani Mamman ne a nan, Muhammadu a can. Mu mun san suna ɗaya ne, amma ma'aikacin wata ƙasa haruffa yake dubawa. Haka kuma wanda aka haifa a Funtuwa 'yan shekaru kafin 1987, shekarar da aka yanke Jihar Katsina, takardarsa Jihar Kaduna za ta ce. Kada mai fassara ya ce zai gyara don tausayi. Aikinsa ya ɗauko abin da ya tarar. Gyaran suna sai a je kotu a yi rantsuwa, tun kafin a fassara.

Wannan aiki yana da asali, gama Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa saboda wasiƙu. Ayar bashi cikin Suratul Baƙara kuma ta hori marubuci da adalci.

Saboda haka manomin da ya sayar da audugarsa da masararsa don karatun ɗansa, ya jera takardun duka gaban mai karatu, a gwada suna da suna, kwanan wata da kwanan wata, kafin ya biya ko kwabo.

Allah Ya sa mu dace. Wassalam.