Kwalin Ƙwai Ba Ya Hana Ƙarar Janareta Shigowa

A gidajen haya na Kubwa da Lugbe, ma'aikacin da ya ware ɗaki domin naɗar murya yakan fara da liƙa kwalin ƙwai ko soso a bango. Maƙwabci na tayar da janareta, sai ƙarar ta shigo kamar ba a yi komai ba.

Matsala biyu aka gauraya. Hana ƙara shigowa aikin nauyi ne da toshe kafa: ƙofa mai kauri, roba a gefenta, taga mai gilashi biyu. Idan aka ninka nauyin bango, ƙarar da ke ratsa shi takan ragu da kimanin desibel 6. Soso kuwa amsa-kuwwar cikin ɗaki yake sha, kuma siririn sauti ya fi kamawa.

Sai allon warwatsa sauti, wanda masani Bajamushe Manfred Schroeder ya ƙirƙiro a shekarun 1970. Wani nau'insa mai sauƙi ramuka bakwai ne a jere, zurfinsu bisa ma'aunin 0, 1, 4, 2, 2, 4, 1, kuma kafinta zai iya haɗa shi da katako. Amma a ƙaramin ɗaki, inda mai magana ke dab da bango, amfaninsa kaɗan ne. Gara kuɗin ya tafi kan ƙofa tukuna.