Su Wa Ke Zaɓar Allurar Rigakafin Da Ake Yi Wa 'Ya'yanmu?

Kafin wata allurar rigakafi ta shiga katin da uwa ke kaiwa asibiti, sai NAFDAC ta tabbatar da ingancinta, sannan hukumar NPHCDA ta raba ta zuwa jihohi. Tsakanin hukumomin biyu akwai kwamitin ƙwararru da jama'a ba su cika jin sunansa ba, wato NGI-TAG, wanda aka kafa a 2015 don bai wa Ministan Lafiya shawara.

Likitocin yara da masana yaɗuwar cututtuka da ke cikinsa sukan auna abubuwa da dama: yawan waɗanda cutar ke kamawa a ƙasar, shekarun da ya dace a yi allurar, sau nawa za a yi ta, tsadarta, da ko firijojin asibitocin karkara za su iya adana ta. Sukan kuma duba matsayar kwamitin SAGE na Hukumar Lafiya ta Duniya, amma ba dole ba ne su bi ta sau da ƙafa.

Rigakafin HPV, ƙwayar da ke haddasa sankarar bakin mahaifa, ya nuna nauyin irin wannan shawara. A Afrilun 2022 SAGE ya bayyana cewa allura ɗaya tana ba da kariya kwatankwacin biyu. Da Nijeriya ta ƙaddamar da shirin a Oktoban 2023, sai ta yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allura ɗaya tak. Abin da dā zai ishi yarinya ɗaya, yanzu ya ishi biyu.

Ƙarfin irin wannan kwamiti yana ga amincewar jama'a cewa hujja yake bi. A Yunin 2025 Sakataren Lafiyar Amurka, Robert F. Kennedy Jr., ya sallami dukkan mambobi 17 na kwamitin ACIP mai ba da shawara kan rigakafi a ƙasar, kuma cikin watanni ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar ta fitar da nata jadawalin rigakafin daban. Mu ma mun ɗanɗana kuɗar shakku: dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003 ya mayar da cutar zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita.

Don haka ya kamata NGI-TAG ya riƙa bayyana hujjojinsa a fili, har da Hausa a gidajen rediyo, kowane mamba kuma ya faɗi alaƙarsa da kamfanonin magani tun kafin a tambaye shi.