Shirin Ƙaurar da Manhajar Adana Takardu Zuwa Gajimare: Abin Lura ga Taskokin Nazarin Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin matakan da ya kamata sashe ko cibiya ta ɗauka kafin ta ɗauke manhajar adana takardunta daga kwamfutar da ke harabarta zuwa gajimare. An nuna cewa nasarar ƙaurar ta rataya ne a kan shirin da aka yi tun kafin a motsa fayil ko ɗaya, musamman gyaran haruffa masu lanƙwasa da bayanan fihirisa.

1.0 Gabatarwa

Jami'o'i da dama a Nijeriya suna adana kundayen bincike da mujallu a cikin manhajoji irin su DSpace, wadda Jami'ar MIT ta Amurka da kamfanin HP suka fitar a shekarar 2002. Taskar Kubanni ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, tana daga cikin masu amfani da ita. Inda aka girka irin wannan manhaja a kan uwar-garke, wato babbar kwamfutar ajiya da ke cikin haraba, rayuwar taskar takan dogara da wutar lantarki da man janareta da na'urar sanyaya ɗaki. Ƙurar hunturu da zafin bazara suna rage wa na'urori kwana. Haka kuma idan aka rufe jami'a na dogon lokaci, kamar yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022, da wuya a sami mai duba na'urar a kai a kai. Waɗannan dalilai ne suke sa a fara tunanin gajimare.

2.0 Ma'anar Gajimare da Hanyoyin Ƙaura

Abin da ake kira gajimare a fagen kwamfuta shi ne tarin uwayen-garke na wani kamfani, waɗanda ake haya ana isa gare su ta intanet. Amazon Web Services da Microsoft Azure da Google Cloud su ne fitattu a duniya, a gida kuma akwai Galaxy Backbone mallakar Gwamnatin Tarayya. Hanyoyin ƙaura biyu ne suka fi yawa. Ta farko, a ɗauki manhajar yadda take a girka ta a kan kwamfutar haya, kulawa da sabuntawa kuma su ci gaba da zama a wuyan ma'aikatan jami'a. Ta biyu, a miƙa takardun ga kamfanin da zai gudanar da manhajar baki ɗaya. Ta farko ta fi barin iko a hannun cibiya, ta biyu ta fi rage mata aiki, sai dai takan tilasta a sauya fasalin bayanai su dace da tsarin kamfanin.

3.0 Ƙidaya da Tantancewa

Matakin farko shi ne a san abin da ke cikin rumbun: yawan fayiloli, nauyinsu, nau'insu, da wanda ke da haƙƙin mallakarsu. A nan ake gano kwafi biyu ko uku na kundi ɗaya, da fayilolin da suka lalace, da waɗanda aka rubuta da manhajar da ta daina aiki. Ya dace a mayar da rubutu zuwa PDF/A, tsarin da aka amince da shi a 2005 domin ajiya mai tsawo, a bar hotunan rubutun hannu na asali a tsarin TIFF. Sanin nauyi kuma shi ke nuna tsawon lokacin da aikin zai ci. Terabait 2 a kan layin intanet mai gudun megabit 20 a daƙiƙa zai ɗauki fiye da kwana 9 ana turawa dare da rana, in har wuta da layi ba su yanke ba.

4.0 Haruffa Masu Lanƙwasa

Wannan ita ce matsalar da ta fi shafar masu nazarin Hausa, kuma injiniyan da bai san harshen ba ba zai lura da ita ba. An buga kundaye masu yawa da salon haruffa na musamman irin su Rabi'at, waɗanda suka taimaka ƙwarai a lokacin da babu wata mafita. Dabarar ita ce a ari gurbin wata alama a ɗora mata siffar harafin Hausa. A ido ƙ ake gani, amma abin da kwamfuta ta adana shi ne alamar }, haka ɗ yana zaune a gurbin ], ɓ kuma a gurbin ~. Muddin salon yana kan na'urar, komai zai fito daidai. Da zarar fayil ya koma gajimare inda babu shi, sai "ƙasa" ta zama "}asa", mai neman kalmar "ɗabi'a" kuma ya tashi a tutar babu, alhali kundin yana nan.

Maganin shi ne a mayar da rubutun zuwa Unicode kafin ƙaura, inda kowane harafi yake da lambarsa ta dindindin: ɓ tana da U+0253, ɗ U+0257, ƙ U+0199, ƴ kuma U+01B4. Sai dai musanyawar kai tsaye tana da haɗari, domin marubuci yana iya amfani da ] a matsayin baka na haƙiƙa, kamar yadda ake yi a nazarin tsarin sauti. Dole masanin harshe ya bi sakamakon ya duba. Haka nan sai an daidaita injin bincike ya gane cewa 'ya'ya a rubutun Nijeriya da ƴaƴa a rubutun Nijar kalma ɗaya ce.

5.0 Fihirisa da Rubutun Ajami

Rubuce-rubucen ajami, irin waɗanda ke Gidan Arewa a Kaduna, da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da cibiyar IRSH a Yamai, idan an ɗauki hotonsu, hoto ne kawai a wurin kwamfuta. Ba a samun su sai ta bayanan fihirisa: sunan mawallafi, mai kwafi, harshe, jigo, lambar ajiya. Ƙa'idar Dublin Core mai gurabe 15 ba ta tanadi gurbi na musamman ga mai kwafi ko karin waƙa ba, don haka cibiyoyi sukan ƙara nasu. Waɗannan ƙarin gurabe su ne suka fi saurin salwanta a wajen ƙaura. Wajibi ne a rubuta jadawalin da zai nuna inda kowane tsohon gurbi zai sauka a sabon tsari. Haka kuma a kiyaye adireshin dindindin na kowane kundi, irin su Handle da DOI, domin kada madogarar da manazarta suka riga suka kawo a ayyukansu ta mutu.

6.0 Doka da Kuɗi da Hanyar Fita

Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta gindaya sharuɗɗa a kan fitar da bayanan mutane zuwa ƙasashen waje. Hirarrakin da aka naɗa da mawaƙa da masu ba da labari, da takardun ɗalibai, duk sun shiga wannan babi. Saboda haka a san ƙasar da na'urorin suke, a kuma tabbatar an ɗauko matakan izini yadda suke, kada abin da iyalan wani malami suka bayar bisa amana ya zama a buɗe ga kowa. Ta fuskar kuɗi, manyan kamfanonin waje sukan ƙayyade farashi da dala, kuma faɗuwar darajar naira tun daga Yunin 2023 ta nuna yadda kasafi ke iya rushewa. Da yawansu suna karɓar kuɗi a kan fitar da bayanai, don haka a rubuta sharuɗɗan fita a cikin yarjejeniya tun farko.

7.0 Kammalawa

Hausawa sun ce tun ran gini, tun ran zane. Kafin ƙaura ta ƙarshe, a gwada da ƙaramin rukuni na kundaye, a ɗauki hatimin lissafi na kowane fayil, irin SHA-256, kafin turawa da bayanta domin tabbatar da cewa babu abin da ya sauya. Kada a kashe tsohuwar uwar-garke sai an tantance sabuwar taska, kuma cikakken kwafi ya ci gaba da zama a hannun jami'a. Kwamitin aikin ya ƙunshi masanin Hausa da ma'aikacin laburare tare da injiniya, domin masanin harshe ne zai iya duba shafi ya tabbatar ƙ tana nan a matsayin ƙ.