Kafin Ka Sayi Injin Walda

A gidaje da yawa, idan yaro ya gama koyon walda, iyaye da 'yan'uwa sukan haɗa kuɗi su saya masa inji domin ya tsaya da ƙafarsa. Wani ya sayar da buhunan masara, wata ta kwashi kuɗin adashenta. Akwai kuma magidancin da ke son ƙaramin inji a gida, don ya riƙa gyaran garma, da amalanke, da ƙyauren gidansa. Duka biyu abu ne mai kyau. Amma kuɗin da aka tara da wahala yana iya nutsewa a rana ɗaya, in an sayi injin da bai dace ba. Saboda haka, mai karatu, kafin ka tafi kasuwa sai ka amsa tambaya uku. Wane irin ƙarfe za ka haɗa? Wace irin wuta kake da ita? Nawa ka ware domin kiyaye idonka da na yaran gidanka?

Yadda walda take

Injin walda yana karɓar wutar lantarki mai bolt 230, irin wadda ake ba gidaje a Nijeriya. Sai ya rage bolt ɗin, ya ƙara yawan amfiya. Sa'ad da aka kusantar da sandar walda ga ƙarfe, wutar takan tsallaka tsakaninsu da zafin da ya wuce digiri 3,000. Baƙin ƙarfe kuwa yana narkewa a wajen digiri 1,500. Ta haka bakin ƙarfen da sandar suke narkewa tare, su daskare su zama abu guda. Garin da ke manne a jikin sandar ba ado ba ne. Idan ya ƙone yakan tare iska, kada ta ɓata narkakken ƙarfen. Wani mutumin Suwidin mai suna Oscar Kjellberg, wanda ya kafa kamfanin ESAB a 1904, shi ne ya fito da irin wannan sanda mai rufi.

Irin injunan da ke kasuwa

Na fari shi ne taransfoma, tsohon inji mai nauyi mai gurnani. Ba shi da kayan ciki da yawa, yana jure ƙura da zafi, masu naɗin waya na gari kuma suna iya gyara shi. Aibinsa shi ne nauyi da shan wuta. Ka tambaya ko da jan ƙarfe aka naɗa shi ko da alminiyam, gama na jan ƙarfe ya fi jimrewa. Waɗansu da ake naɗawa a cikin gari ba su da murfi, wayoyinsu duk a fili. Irin wannan bai kamata ya shiga gidan da akwai yara ba.

Na biyu shi ne inbata. Ƙarami ne, yawancinsa bai wuce kilo 5 zuwa 8 ba, mutum yana iya rataya shi a kafaɗa ya hau babur. Ba ya shan wuta kamar taransfoma, wutarsa kuma tana da laushi, mai koyo yakan ji daɗinta. Amma cikinsa kamar na rediyo ne. Ƙurar hunturu da laimar damina suna kashe shi, ba kowane gari ke da mai gyaransa ba.

Na uku shi ne inji mai haɗe da janaretansa. Yana da tsada, amma shi ne na mai aiki a ƙauye ko wurin gini inda babu lantarki.

Akwai kuma injin MIG mai amfani da zaren waya da tukunyar iskar gas, da na TIG wanda ake aikin alminiyam da ƙarfen da ba ya tsatsa da shi. Waɗannan na babban shago ne mai rufi, domin iskar waje takan kore gas ɗin, aikin ya lalace. Mai fara sana'a ba ya bukatarsu tukuna.

Auna inji da aikinka

Yawancin aikin gari, watau ƙofa, da ƙarfen taga, da gado, da kujerun makaranta, ana yinsa da ƙarfen da kaurinsa bai wuce milimita 6 ba. Sandar da aka fi amfani da ita ita ce mai lamba 6013. Mai kaurin milimita 2.5, wadda masu walda ke kira geji 12, tana son amfiya 60 zuwa 100. Mai milimita 3.2, watau geji 10, tana son wajen 90 zuwa 130. Ka ga ke nan inji mai amfiya 140 zuwa 160 ya ishi aikin gida. Mai shago da zai yini yana aiki ya nemi na 200 ko fiye.

Kada ka tsaya ga babbar lambar da aka zana a jikin kwali. Duba ƙaramin allon da ke bayan injin. A nan ake rubuta yawan aikin da zai iya yi cikin minti 10. In an rubuta 60% kusa da 160A, ma'anarsa zai yi minti 6 yana ƙona sanda a wannan ƙarfi, sa'an nan ya huta minti 4. In 20% ne, minti 2 kaɗai zai yi. Inji biyu suna iya ɗaukar lamba ɗaya a goshi, amma ɗaya na aikin yini ne, ɗayan kuwa na ɗan gyara ne. Tafi da wanda ya ƙware, ku ƙona sanda uku ko huɗu a gaban mai kanti kafin ka biya. Ka kuma karɓi rasit.

Auna inji da wutarka

Soket na ɗaki mai amfiya 13 ba ya ɗaukar abin da ya wuce wat 3,000. Injin walda kuwa yakan nemi fiye da haka in an buɗe shi sosai. Wayar ɗaki za ta yi zafi cikin bango, daga nan gobara ke tashi. Sai ka kira mai aikin lantarki ya ja wa injin wayarsa dabam mai kauri daga mita, da makashinta. Kada ka rataya waya a kan falwaya. Laifi ne a doka, haɗari ne ga rai, yana kuma rage wa maƙwabta wuta.

In da janareta za ka yi aiki, ƙaramin nan na fitila da fanka ba zai iya ba. Inbata mai amfiya 160 yana son janareta mai ƙarfin kilowat 5 ko fiye. In ka tilasta wa ƙarami, kana iya ƙone su duka biyu.

Wayar da ake maƙalawa a jikin aikin ta zama cikakkiyar waya mai rufi, a kama ta kusa da wurin waldar. Guntayen rodi da ake jerawa a ƙasa ba waya ba ne.

Kuɗin inji bai cika ba sai da garkuwa

Hasken walda yana ƙona fatar ido kamar yadda wuta ke ƙona hannu. Ba a jin zafin nan da nan. Bayan awa 6 zuwa 12, yawanci da tsakar dare, sai mutum ya farka kamar an zuba masa yashi a ido. Tabarau na rana ba ya tsare wannan. Ana bukatar garkuwa mai rufe fuska duka, da baƙin gilashi mai lamba 10 zuwa 12. In ciwon ya kama ka, kwanta a ɗaki mai duhu, ka ɗora tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi. Kada ka murza, kada ka ɗiga kome da likita bai ba ka ba. In bai lafa cikin kwana 2 ba, ko ka ji ɓarɓashin ƙarfe a ciki, sai asibiti.

Iyaye mata, ku lura da wannan. Yara suna son kallon hasken nan, ba su san yana cutarwa ba. A kafa shingen kwano ko katako kewaye da wurin aikin, a hana su tsayawa.

Hayaƙin ma ba abin raini ba ne. A 2017 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin walda cikin abubuwan da ke kawo dajin huhu. Yi aiki inda iska ke ratsawa, ka kau da kanka daga hayaƙin. Farin bututun ruwa mai shafen tutiya yakan sa zazzaɓi da dare, sai a goge shafen kafin a yi masa walda.

Sa safar hannu ta fata, da takalmi mai rufi, da riga ta auduga mai dogon hannu. Rigar leda takan narke ta manne a jiki. Kada ka tsaya a jiƙaƙƙiyar ƙasa, kada ka canja sanda da hannu mai zufa, gama wutar da ke bakin mariƙin ta isa kashe mutum in jikinsa a jiƙe yake. Kawar da fetur, da kara, da ciyawa nesa da wurin kamar mita 10, ka ajiye bokitin yashi kusa. Bayan an tashi aiki, a zauna rabin awa a ga ko wani abu yana hayaƙi.

Abu ɗaya kuma da ba a yi masa rangwame. Kada ka taɓa kai wuta ga tankin mota ko duro da ya taɓa ɗaukar mai, ko da an ce babu kome ciki. Tururin da ya rage shi ne ke fashewa. Gara ka rasa kuɗin aikin.

To, ranar da iyali za su zauna lissafi, a rubuta garkuwa, da safa, da waya mai kyau a takarda ɗaya da injin. In kuɗin bai kai ba, a sayi ƙaramin inji tare da kayan tsaro. Sannu ba ta hana zuwa. Mai walda da ya kiyaye idonsa zai ga ranar da zai sayi babban inji da ribar ƙaramin.